Tauraro Biyu: Ɗaya na Bakanike, Ɗaya na Mai Lissafi

Masu wurin da na sayi mota su suka nemi in rubuta wannan. Ranar Talatar da ta wuce saƙo ya shigo wayata har sau uku ana roƙona in faɗa wa jama'a irin hidimar da aka yi mini. Da yamma kuma yaron da ya sayar mini da motar ya kira da kansa, murya a sanyaye kamar ta ɗan'uwa, yana cewa, "Yallaɓai, a taimaka mana da tauraro biyar, da shi ake auna mu a wurin aiki." Na cire wayar daga kunne na ƙara duba lambar. Ita ce dai. Lambar da na kira sau 27 cikin kwana 19 ba a ɗaga ba ko sau ɗaya. Ba ƙiyasi nake yi ba, na koma cikin wayar na ƙirga ɗaya bayan ɗaya. To tunda sun nema, ga shi.

Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai mutum biyu a cikinsa da suka yi mini abin kirki, kuma ba na so rubutuna ya taɓa abincinsu. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, dila ne mai zaman kansa, ba wakilin wani kamfanin ƙera mota ba ne. Sana'arsu sayar da motocin gudu na hannu waɗanda ba su sha wuya ba. Ɗakin baje kolinsu gilashi ne daga sama har ƙasa, tayil ɗin kamar ka ga fuskarka, ga ƙamshi, ga kujerun fata. Duk wanda ya shiga zai ce ya zo wurin da aka san abin da ake yi. Ni ma haka na ce.

Shekarata 46, sana'ata awon filaye. Fiye da shekara 20 ina tuƙa manyan motoci masu tudu, bayansu cike da ƙafafun na'ura da turaku da ƙura. Ban taɓa mallakar motar da na saya don kawai ina son ta ba. Kullum sai an yi lissafin yara nawa za ta ɗauka, kaya nawa za su shiga, ko za ta iya hanyar daji. Da babban ɗana ya gama makaranta na ce wa uwargida lokaci ya yi. Ta dube ni ta ce, "Kai da gwiwarka ke ƙara in ka tashi daga tabarma, motar da ake shiga a durƙushe za ka saya?" Ba ta hana ba dai, dariya kawai ta yi ta yi.

Na yi kusan shekara ina nazari. Mazda MX-5 na fara so, wadda tun 1989 ake yin ta, mara nauyi, mai buɗaɗɗen rufi. Na zauna a cikin ta wani abokin aiki, kaina ya taɓa rufin, kujera biyu ce kacal kuma, maganar ta mutu a nan. GR Supra ta fi ƙarfin abin da na ware. A ƙarshe zuciyata ta tsaya a kan Toyota GR86 mai giyar hannu. Ga wanda bai san ta ba: ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu wadda Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka yi, ita da tagwaiyarta Subaru BRZ, kuma a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake haɗa su duka. Injinta lita 2.4 ne, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, ba turbo. Ƙarfin doki 228 ne, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. A takarda wannan ba wani abin tsoro ba ne, akwai motocin kai yara makaranta da suka fi ta doki. Sirrinta rashin nauyi ne, bai kai kilo 1,300 ba, da kuma yadda injin ya kwanta ƙasa-ƙasa. Mutane na ce mata motar tsere, ni kuwa ba tsere zan yi da kowa ba. Kwana nake so in sha in ji motar tana amsa mini.

Na ga tallarta da dare a shafinsu, fara, an rubuta ƙirar 2023, ta ci kilomita 14,000 da 'yan kai. Na cike ɗan fom ɗin tambaya na tafi yin alwala. Kafin in dawo har an kira ni sau biyu. Minti 11 tsakanin saƙona da kiran farko. Washegari da safe ga bidiyon motar an zagaya ta, ga wani an tayar da injin, ga saƙon barka da safiya. A kwana ukun nan, in na yi atishawa sai yaron nan ya ce mini sannu.

Ranar Asabar na je. Dole in yi adalci a nan: motar ba ta yi ƙarya ba. Na buɗe ƙofa na sauka cikinta, domin sauka ake yi, ba hawa ba. Tsayinta duka mita 1.3 ne da 'yan kai, in ka zauna ka miƙa hannu ta taga kamar ka shafa kwalta. Sitiyarin ɗan ƙarami, kan giyar yana daidai inda hannu ke faɗawa in ka sake shi. Na taka kuloci na ji shi da sauƙi fiye da yadda na zata, har ta mutu mini a bakin ƙofa, yaron ya yi kamar bai gani ba. Da muka hau titi na sa ta biyu na ba ta wuta, allurar juyin injin ta haura 4,000 ta ci gaba da hawa ba tare da wannan nauyin da ake kuka da shi a tsohuwar ƙirar mai lita 2.0 ba. A wani shataletale na juya sitiyari kaɗan, hancin motar ya shige kamar ta riga ni sanin inda za mu. Na ji bakina ya ƙi rufuwa. Yaron yana gefe yana kallona, kuma na san a lokacin ya gama karanta ni. Duk mai sayarwa ya ga haƙoran mai saye, ciniki ya ƙare.

Muka koma ofis. Na nemi ragi, ya yi ɗan jim, ya danna kwamfuta, ya ce ya amince, ko tashi bai yi ya tambayi kowa ba. Na ɗauka iya ciniki ne nawa. Sai ya ce akwai mutum biyu da ke zuwa ganinta gobe, in ina so a cire ta daga kasuwa in ajiye kafin alƙalami, kashi 10 cikin 100. Nan take na tura daga asusuna zuwa nasu. Ya ba ni rasit, ya ce Laraba in zo in ɗauka, za su canza baƙin mai, su wanke ta, su kammala takardu.

Ga laifina, tun kafin in lissafa nasu. Rasit ɗin nan layi biyu ne: sunana, adadin kuɗi, da "kafin alƙalamin GR86 fara". Babu lambar shasi. Babu farashin da muka daidaita a kai. Babu ranar da za a ba ni mota. Babu ko kalma ɗaya a kan ko kuɗin zai dawo in ciniki ya rushe. Ni da nake hana mutane sa hannu a takardar fili in babu lambar turaku huɗu, na karɓi wannan na ninke na sa a aljihu ina godiya. Kuma tura kuɗin na yi kai tsaye. Da da kati na biya, aƙalla akwai hanyar kai ƙara ta banki a nemi a dawo da kuɗin abin da ba a ba ka ba. Wanda ka tura da hannunka kuwa, sai dai wanda ya karɓa ya ga dama.

Laraba na kira, ya ce gobe. Alhamis na tura saƙo, ya amsa da kalma biyu: "Muna kai." Daga nan sai shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Shirun nan iri-iri ne, kuma na ɗanɗana kowanne. Akwai na wayar da ke ta ƙara har ta katse. Akwai na wadda ake katsewa a ƙara ta biyu, ka san hannu ne ya danna. Akwai na WhatsApp, inda alamar nan biyu ke komawa shuɗi, kana ganin mutum yana kan layi, har ya canza hoton fuskarsa, amma kai ko gezau. Bayan mako guda ma alamar ta daina yin shuɗi, ya kashe ta. Na koma kiran lambar ofis. Wata yarinya mai ladabi ce ke ɗauka, kullum amsarta ɗaya cikin uku: yana tare da baƙo, ya fita gwajin mota, ko bai shigo ba tukuna. Kullum za ta karɓi sunana da lambata kamar yau ta fara ji. Na ce a haɗa ni da manaja, aka ce yana taro. Sau shida manajan nan yana taro. Na tura imel guda huɗu, amsar da na samu ita ce ta na'ura, mai cewa saƙona yana da muhimmanci a wurinsu.

Abin da ba a faɗa game da irin wannan shi ne yadda yake sa mutum ya fara tuhumar kansa. Ko na cika damunsu ne? Ko in ƙara musu kwana biyu? Ko na yi wata magana da ta ɓata masa rai? Ina tsakiyar fili rana na dukana, ido a kan na'ura, kunne a aljihu. Waya ta yi ƙara in zabura, ashe kamfanin layi ne ke tallar garaɓasa. Kuɗina ne a hannunsu, amma ni ne nake jin kunyar kira.

Uwargida ce ta warware mini wannan. Wata ranar Talata da dare ta ce in ba ta adireshin shafin. Tallar motar na nan daram, ba a ko rubuta an kama ta ba. Ta cike fom da sunanta da lambarta. Muna zaune, wayarta a kan tebur tsakaninmu. Minti tara. Ta sa a lasifika, sai ga muryar mutumina tangaran: "Hajiya, barka da dare. E, motar tana nan, amma gaskiya akwai masu zuwa ganinta gobe, in kina so sai a ajiye ɗan wani abu." Ta ce za ta yi shawara da maigida, ta kashe. Ba ta yi mini dariya ba a wannan karon, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Na so in kira shi da wayarta in zazzage masa abin da ke cikina. Ƙanina ne ya hana. Shi bakanike ne, shekararsa 15 a harkar, kuma ya fi ni sanyin kai nesa ba kusa ba. Ya ce, "Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da abincinsa ke kan kamasho ba zai guji wanda ya riga ya biya kashi 10 ba, sai in akwai abin da ba zai iya faɗa maka ba. In ka zage shi a waya ka ba shi dalilin toshe ka. Zuwa da kai ya fi aike. Amma kada mu je ranar Asabar da suke cike, kuma kada ka ce musu muna zuwa."

Muka je Talata da hantsi, kwana 24 bayan na biya. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta ce ya fita. Ƙanina ya ce ba komai, motar muka zo dubawa. Ba ta cikin ɗakin gilashi, an mayar da ita baya, kusa da garejinsu, ƙarƙashin wata rumfa. Ƙura ta kwanta a gilashin har wani ya zana fuska da yatsa. Faifan birkin huɗu duk sun yi jan tsatsa, alamar ta kwana biyu ba ta motsa ba. Babu wanda ya canza mata mai, babu wanda ya wanke ta.

A nan na ga aikin da ya kamata a yi tun ranar farko, kafin ko sisi ya fita daga hannuna. Ƙanina ya fara da ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, inda lambar shasi take. Ya ƙirga, haruffa da lambobi 17, ya ce in rubuta. Na rubuta wani abu mai kama da O, ya ce in goge, sifiri ne, domin ba a sa I da O da Q a wannan lamba don kada a rikita su da 1 da 0. Ta fara da JF1. Gabana ya faɗi, don na san na Toyota da JT suke farawa. Ya ce in kwantar da hankali, wannan alamar Subaru ce, tunda su suka haɗa ta haka ya kamata ta kasance. Sai ya sa yatsa a kan harafi na 10. N ne. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka irin wannan, harafin nan shekarar ƙira yake nunawa: N ita ce 2022, P ce 2023. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, an buga watan 1 na 2022. Ya durƙusa gaban taya ya share gefenta da babban yatsa, lambobi huɗu na ƙarshe 4921, wato mako na 49 na shekarar 2021. Tayoyin da ta fito da su ne, Michelin Pilot Sport 4 a kan wili mai inci 18, kuma na bayan sun fi na gaban cinyewa sosai. Ya dube ni ya ce mai ita ya ɗan yi wasa da ita. Ashe 2023 ɗin da aka rubuta a talla shekarar da aka yi mata rajista ce, ba shekarar ƙira ba. Shekara guda ke nan ta bambanci a daraja, kuma babu wanda ya ga ya dace ya faɗa mini.

Ni ma na zo da tawa dabarar. Na taɓa ji ana cewa in ka manna maganaɗisu a jikin mota ya ƙi kamawa, to an cike wurin da ƙullin fanalbita. Na fito da nawa na ɗora a kan fendar gaba, ya zame ya faɗi. Na ɗora a bonet, ya faɗi. Na ɗora a rufi, haka. Na ce shi ke nan, motar nan ta taɓa wuntsilawa. Ƙanina ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, alminiyom ne. Bonet da rufi da fendojin gaba duk da shi aka yi su don a rage nauyi." Ya fito da 'yar na'urar auna kaurin fenti ya bi jikin motar kaf, lambobin suna kusa da juna ko'ina, babu inda aka sake fesawa.

Muna cikin haka wani dattijo ya fito daga garejin yana goge hannu da tsumma. Shi ne babban bakaniken wurin, kuma shi ne mai tauraro na farko. Ya tsaya yana kallon yadda ƙanina ke aiki, suka gaisa irin ta 'yan sana'a ɗaya. Ba mu roƙe shi ba ya je ya ɗauko makulli. Batir ya yi sanyi, sai da ya kawo na taimako ta tashi. Ya bar ƙanina ya soka na'urarsa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari ya karanta kwamfutar motar, babu wani laifi a ajiye, kuma babu alamar an goge wani kwanan nan. Har kan injin ɗagawa ya hau da ita muka leƙa ƙasanta da tocila. A bushe take, in ban da 'yar gogewa a leɓen bambar gaba, wanda ba abin mamaki ba ne ga motar da tsakaninta da ƙasa santimita 13 ne.

Na tambaye shi, "Baba, me ya sa ba a yi mata sabis ba? An ce mini tun makonni uku za a yi." Ya ninke tsumman ya sa a aljihu. Ya ce, "Ɗana, ni ba a ba ni takardar aiki a kanta ba. Kuma ba a ba ni takardar aiki a kan motar da ba tamu ba." Ya nuna wata ƙofa da haɓa. "Ka shiga can ka nemi mai lissafi. Kada ka ce ni na turo ka."

Mai lissafin mace ce mai kimanin shekaruna, da tabarau a kan hanci, ofishinta ko taga babu. Na ajiye mata rasit ɗina. Ta karanta, ta buɗe wani fayil, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in zauna. Cikin minti 10 ta faɗa mini abin da aka kasa faɗa mini a kwana 19.

Motar ba tasu ba ce. Mai ita ne ya kawo ya ajiye a sayar masa, su ɗauki kamasho, kuma ya yanke musu farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ragin da yaron ya yi mini ba tare da ya tashi daga kujera ba ya faɗa ƙasa da wannan layin. Da aka kira mai motar ya ce bai yarda ba. Bayan haka kuma da bashin banki ya saye ta, bai gama biya ba, takardun mallakar na asali suna hannun banki, ba za su fito ba sai an biya ragowar. Wato ranar da aka ce mini in zo Laraba, babu wata Laraba da za a iya ba ni motar nan. Yaron ya rasa yadda zai yi: in ya faɗa wa manaja, ya yi ragin da ba shi da iko, in ya faɗa mini, zan ce a ba ni kuɗina, kamashonsa ya tafi. Sai ya zaɓi ya ajiye ni a gefe, ya ci gaba da neman wani mai sayen da zai biya cikakken farashi, in ya samu sai a mayar mini da nawa a ba ni haƙuri. Ni ne ajiyar ko-ta-kwana. Kiran da ya yi wa uwargida cikin minti tara ke nan.

Ban ga laifin sayar da motar wani a madadinsa ba, tsari ne da ake yi ko'ina. Ban ma ga laifin motar da ke da bashi a kanta ba, in dai za a biya bankin daga kuɗin ciniki a karɓo takardar sallama. Da an ce mini tun ranar Asabar ɗin, "Motar ta wani ce, sai mun ji daga gare shi, kuma takardu za su ɗauki makonni," wallahi da na jira da daɗin rai, don ina son motar. Abin da ba zan yafe ba shi ne a karɓi kuɗin mutum a kan abin da ba a da ikon sayarwa, sannan a mayar da shi maroƙi. Kuma ban ɗora wa yaron shi kaɗai ba. Sau shida na nemi manaja. Imel huɗu sun shiga akwatin kamfani. Yarinyar bakin ƙofa ta rubuta sunana ya fi sau 10. Wurin da duk wannan zai faru babu wanda ya tambaya "wai mutumin nan me yake nema ne?", to ba yaro ɗaya ne matsalarsa ba. An gina wurin ne don ya ji sallamar mai shigowa, ba don ya ji kiran wanda ya riga ya biya ba.

Mai lissafin ce ta ba ni shawarar in daina kira. Ta ce waya iska ce, in rubuto takarda. A daren na zauna na rubuta shafi ɗaya, babu zagi, babu barazana. Ranar da na biya, adadin, lambar shasi duka 17, farashin da aka yi da ni, ranar da aka yi mini alkawari, jerin kiraye-kirayen da ranakunsu, hoton tallar da ke cewa 2023 da hoton harafin N. Na ƙare da zaɓi biyu: ko a ba ni yarjejeniya a rubuce mai ranar miƙa mota, ko a dawo mini da kuɗina cif, cikin kwana bakwai, in ba haka ba zan kai maganar hukumar kare haƙƙin masu saye in kuma nemi lauya. Laraba na kai da hannuna, kwafi biyu, ta buga hatimi a nawa ta sa kwanan wata.

Litinin manaja ya fito daga taro. Ya kira ni da kansa, ya ce sam bai san da maganar ba, ya yi ta ba da haƙuri. Ko ya sani ko bai sani ba, shi da Allah. Da na je, ya fara gwada ko zan ƙara wani abu a cike giɓin da ke tsakanin farashina da na mai motar. Na tura masa hoton harafin N a kan tebur, na ce in ma za a taɓa farashi, ƙasa zai yi. Bai sake tayar da zancen ba. Suka haƙura da wani ɓangare na kamashonsu, mai motar ya sa hannu. A wannan karon takardar shafi uku ce, ƙanina ya karanta, na karanta, na sa aka ƙara layi cewa ragowar kuɗina ba zai fita ba sai na ga takardar banki mai cewa babu sauran bashi a kan motar. Bankin ya ɗauki kwana 11. A cikin kwanakin nan mai lissafin tana turo mini saƙo duk bayan kwana biyu, ko da kuwa abin da za ta ce shi ne "babu labari tukuna". Ban taɓa sanin "babu labari" na iya kwantar wa mutum da hankali haka ba.

Ranar Juma'a, kwana 41 cif, na karɓi mota. Dattijon ya canza mata baƙin mai da nau'in 0W-20 ɗin da littafinta ya ce, ya nuna mini galan ɗin kafin ya zuba, ya sa sabon batir, ya ce in sa ido a kan tayoyin baya kafin damina, kuma kada in yi mata rowar fetur, mai kyau take sha. Yaron ya fito da wani jan ƙyalle zai ɗaura a bonet a ɗauke mu hoto ina karɓar makulli. Na ce ya bari.

Motar kuwa, mako uku ke nan, ban yi nadama ba. Tana da ƙara a kan doguwar hanya, kujerun baya na jaka ne ba na mutum ba, kuma duk tudun rage gudu sai na bi shi a karkace kamar kaguwa. Gwiwata na ƙara in zan fito, uwargida na tsaye a bakin ƙofa tana ji. Amma ran nan na tashi da asuba ba tare da wani aiki ba na yi kilomita 60 na dawo, uwargida ma ta ce gobe da ita za a je.

Makulli ɗaya aka ba ni. Na biyun yana wurin tsohon mai motar, an rubuta a yarjejeniya za a kawo cikin mako guda. Da yaron ya kira ranar Talata yana neman tauraro biyar, na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi labarin makullin. Ya ce, "Muna kai, yallaɓai." Na ce to. Da safe na tura wa mai lissafi saƙo, ta ce ta aika a karɓo, in zo Alhamis da rasit.